Ranar da Nell Ta Zauna

"Ɗaga ta in gani," Wilf Ogden ya ce daga kan gadonsa. "A'a, ba haka ba. Bawan Allah, buhun dankali kake ɗauka?"

Mutumin, wanda ya taso tun daga Halifax shi da matarsa, ya sauke karyar a hankali, ya koma kujera yana goge tafin hannu a wando. Su ne na huɗu da suka zo neman Nell cikin mako biyu. Glenys Holroyd tana tsaye a ƙofar kicin da farantin biskit, kuma tun daga yadda Wilf ya ɗaga gira ta san waɗannan ma ba za su shanye shayinsu ba.

"A ina za ta riƙa kwana?" Wilf ya tambaya.

"A kicin," matar ta ce da fara'arta. "Har mun saya mata kwando."

"Ƙasan kicin ɗin katako ne?"

"Tayil ne."

"Tayil." Wilf ya maimaita kalmar yana kallon silin. "Dube ta da kyau, uwargida. Kin ga kitse a jikinta? Kin ga gashin kirki? Wannan ko labule aka ɗaga sai ta kama rawar sanyi. Glenys, raka baƙi, gidansu da nisa."

Glenys ta raka su har bakin shinge tana ba su haƙuri, tana cewa ciwo ne ya mai da shi haka. Ba gaskiya ta faɗa ba. Shekara talatin da ɗaya bango guda ne tsakanin gidanta da nasa, kuma haka ta same shi tun yana da lafiyarsa.

"Mutanen kirki ne fa," ta ce da ta dawo.

"Ban ce ba na kirki ba ne. Na kirkin ma suna kashe kare da sanyi."

"Da wannan zaɓen naka sai ka mutu ba ka samu kowa ba."

"To ai shi nake kan yi. Miƙo min biskit ɗin nan tunda ba su ci ba."

Duk wanda ya zauna a layinmu ya san Wilf. Ya yi shekara talatin yana gyaran injuna a masaƙar da ke ƙasan kwari har aka rufe ta, amma ba da wannan aka san shi ba. Da karnuka aka san shi, siraran nan masu dogayen ƙafafu da tsukakken ciki da ake kira wifet, waɗanda kakanninmu ke saki kan zomaye. Shi bai taɓa sakin nasa kan zomo ba. Gasar kyau yake kai su, kusan kowace Asabar, ya tsayar da su gaban alƙali a duba haƙora, a shafa gadon baya, a sa su sassarfa su zagaya fili. Bangon falonsa ya cika da furannin ƙyallen da ake ba wanda ya ci, ja da shuɗi, har babu wanda ke tuna launin fentin da ke ƙasansu. Nell ce autarsa. Launin toka ce mai farin ƙirji, shekararta tara, ta ci abin da ake ci ta gama, kuma shekara biyu ke nan da ya daina kai ta ko'ina.

Likitoci sun gama maganarsu tun watan Fabrairu. Huhu ne, kuma ba sauran abin yi sai rage masa zafi. Aka sauko da gado falo, aka ajiye shi jikin tagar da ke kallon titi, nas na zuwa safe da yamma. Ƴarsa Lorna tana Manchester, a bene na shida na wani gini da ko kyanwa ba a yarda a ajiye ba. Wilf bai damu da mutuwa ba, ko dai bai nuna ba. Ya ce shekara tamanin da ɗaya ta ishi kowa. Damuwarsa tana cikin gwangwanin biskit da ke kan kabad.

A ciki takardar Nell take, kuma sunaye biyu ne a kanta. Masu kiwon karnukan gasa ba sa sakin ƴar kwikwiya mai kyau gaba ɗaya, sukan bar sunansu kusa da na mai ɗauka. Saboda haka Nell ta Wilf ce, kuma ta Misis Pickard ce, matar da aka haifi Nell a gidanta can saman tudu. Idan Wilf ya mutu bai sama mata gida ba, can za ta koma. Ba mugun wuri ba ne. Akwai tsabta, akwai abinci a kan lokaci, akwai karnuka talatin kowanne da ɗakinsa na siminti da ƙofar waya. Abin da babu shi ne ƙafar mutum da za a kwanta a kai, ita kuwa Nell ba ta san wani makwanci ba tun tana ƴar mako takwas.

Glenys tana son karyar nan. Tana sonta ƙwarai, har takan ji haushin kanta. Tun Fabrairu ita ke zuwa ƙarfe takwas na safe ta sa mata ƴar rigarta ta ulu, su bi bayan coci su shiga fili su dawo, kuma ta lura cewa duk ranarta a kan wannan awa guda take tsayawa. Amma Wilf ya kira mutane daga Halifax, ya kira daga Skipton, ya sa an buga sanarwa a takardar ƙungiyarsu ta masu karnuka, bai taɓa juyowa ya dubi wadda ke dafa wa baƙin shayi ba. Ya sha faɗa a gabanta cewa Glenys mace ce mai hannu, amma ba mutuniyar karnuka ba ce.

Ita kuma ba za ta roƙa ba, domin ta taɓa roƙa. Shekara biyu da suka wuce, bayan rasuwar mijinta Stan, ta shiga bas ta je gidan da ake ajiye karnukan da masu su suka rabu da su. Ta ga wani mai dogayen kunnuwa, ɗan asali da takardarsa, wanda aka kawo saboda masu shi sun yi ƙaura. Ta cike fom shafi huɗu. Wata ma'aikaciya mai ladabi ta zaunar da ita ta yi mata bayani cewa karen shekararsa biyu, Glenys kuwa saba'in, ga shi shingen bayan gidanta gajere ne. Glenys ta yi godiya, ta dawo gida da sabuwar igiyar da ta saya tana cikin jaka. Ba ta gaya wa kowa ba, kuma igiyar tana nan cikin aljihun tebur tare da kyandirori.

Don haka ta yanke shawarar ba za ta roƙi Wilf ba, nuna masa za ta yi. Kuma ta samu abin nunawa. Wata safiya a bakin titi, suna jiran mota ta wuce, ta ga karen wani mutum ya zauna da kansa kamar yadda kowane kare mai tarbiyya ke yi. Ta dubi Nell ta ce, "Zauna." Nell ta dube ta kawai. Ta sake faɗa, ta nuna ƙasa da yatsa, Nell ta ƙara miƙe wuya ta gyara tsayuwa. Glenys ta riƙe baki. Karya mai kofunan gasa cike da kabad, ashe ko zama ba ta iya ba. Kwanciya kam ta iya, har ta fi kowa, amma abin da ake fara koya wa kowane ɗan kwikwiyo a ƙasar nan Wilf ya manta bai koya mata ba. Glenys ta yi shekara ashirin da shida tana dafa abinci a makarantar firamare, ta zaunar da yaran da suka fi ƙarfin malamansu, ba karya ce za ta gagare ta ba. Ta ɗauki mako uku tana koya mata, ta ƙarar da rabin dunƙulen cuku, a bayan coci inda ba mai gani.

Ran Laraba, kwana biyu bayan tafiyar mutanen Halifax, nas ta gama ta fita, Wilf ya sha rabin shayinsa, har ya yi wa mai karanta labarai a rediyo gyara. Glenys ta ga ranar ta yi.

"Wilf, juyo ka ga wani abu."

"In kek ne ba na iya ci."

"Ba kek ba ne. Nell, zo nan." Ta sa hannu a aljihun rigar girkinta. "Zauna."

Nell ta lanƙwasa dogayen ƙafafunta ta zauna a kan kafet, kunnuwa a sama, tana kallon aljihun. Glenys ta ba ta cukun, ta juyo fuskarta cike da murna.

Wilf ya ajiye kofin a kan faranti.

"Wa ya ce ki yi haka?"

"Ba wanda ya ce. Na ga ba ta iya ba ne, shi ne na..."

"Ba ta iya ba." Muryarsa ta yi ƙasa sosai. "Glenys, shekara tara ba a faɗi kalmar nan a gidan nan ba. Ko Lorna ban bari ba. Baƙo in ya shigo, da hannu nake nuna masa kujera. Kin zaci mantuwa na yi?"

"To me ya sa?"

"Domin kare in ya zauna gaban alƙali an gama da shi. Mutum ya ɗaga hannu da nama, na gida ya zauna, na gasa ya tsaya. Aikinta ke nan a duniya, ta tsaya. Na ga alƙalai sun bar ta tsaye minti biyar suna zagaya ta, ko kunne ba ta motsa ba."

"Ai ta daina gasa, Wilf."

"Zuwa ta daina. Abin da na gina shekara tara kin rushe shi da cuku." Ya juya fuskarsa wajen taga. "Ja min ƙofar in kin fita."

Glenys ta koma gidanta ta wanke tukwanen da ba su yi datti ba. Kunya ta ishe ta, ga haushi, domin ita da zuciya ɗaya ta yi. Amma abin da ya fi damunta tsoro ne. Ta tabbata da hannunta ta miƙa Nell ga ɗakin siminti, ta zauna a kujerar kicin ta yi kuka kaɗan, sannan ta tashi ta ɗora butar shayi.

Washegari ƙarfe takwas ta je, domin karya ba ruwanta da faɗan tsofaffi, fita take so. Wilf ya rufe ido ya yi kamar yana barci. Ran Juma'a ma haka. Ta ajiye masa shayi, ta ɗauke kofin jiya, ba wanda ya ce wa wani uffan.

Ran Asabar ta same shi zaune, an jera masa matasan kai, har ya sa nas ta taje masa gashi.

"Buɗe tagar nan," ya ce. "Ki ɗauko siririyar igiyar da ke rataye bayan ƙofa. Ba wannan ba, ta fatar. Cire mata rigar. Ku fita kan ciyawa."

"Da silifas nake."

"Alƙali ba ƙafarki yake kallo ba. Igiya a hannun hagu. Ki tafi har shinge, ki juyo, ki dawo gaban taga ki tsaya. Kada ki kalle ta, gabanki za ki kalla. Kuma sassarfa za ki yi, ba tafiyar zuwa kasuwa ba."

Ciyawar gaban gidan Wilf ba ta fi taku goma sha biyu ba. Glenys, mai shekara saba'in da biyu, da rigar girki da silifas, ta yi sassarfa a kanta, labulayen gidajen tsallake suna motsi. Amma tun daga lokacin da siririyar igiyar ta hau wuyan Nell, sai ta zama wata dabam. Tsohuwar da ke jan ƙafa zuwa bayan coci tana shinshina kowane turke ta ɗaga kai, ta miƙa ƙafafu, igiyar ta yi sako-sako a hannun Glenys kamar ba a ɗaure komai ba. Da suka dawo gaban taga Nell ta tsaya da kanta, ƙafafun baya a miƙe, wuya a lanƙwashe, ido a kan Wilf. Glenys tana haki ta saci kallonta, kuma a karo na farko ta ga abin da mutumin nan ya yi shekara arba'in yana tashi da asuba dominsa.

Wilf yana kallo, leɓunansa suna motsi, yana ƙirga. Ya kai wajen talatin. Sai Nell ta waiwayi aljihun Glenys, ta lanƙwasa ƙafafu ta zauna a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, ta sauke dogon numfashi.

Glenys ta runtse ido tana jiran abin da zai biyo baya.

"Kullum haka take sauke numfashi in ta zauna?" Wilf ya tambaya.

"Kullum."

"Ƙafar bayanta ce ta dama. Tun bara na ga tana rage mata nauyi, na yi kamar ban gani ba." Ya daɗe yana kallon karyar. "Shekara tara tana tsaye domina. Bar ta ta huta. Ku shigo, za ta jiƙa gindinta."

Da suka shiga ya ce ta sauko da gwangwanin biskit. Ya ciro takardar, ya nemi tabarau, ya rubuta sunan Glenys a layin sabon mai ita da manyan baƙaƙe, ya sa hannu a ƙasa. Ya ɗauke shi lokaci, domin alƙalamin yana ta zame masa.

"Wannan rabi ne," ya ce. "Saura Pickard. Ita ba ta sa hannu kan abin da ba ta taɓa da hannunta ba, kuma ba ta saukowa daga tudun nan sai gasa ko jana'iza. Tawa za ta zo, ba ta fashi."

Glenys ta riƙe takardar da hannu biyu. "Me ya sa ba ka tambaye ni ba tun farko, ka bar ni ina dafa wa mutanen Skipton shayi?"

"Ke me ya sa ba ki roƙa ba?"

"Ka ce ni ba mutuniyar karnuka ba ce."

"Har yanzu ma ba ita ba ce. Sassarfarki kamar ta agwagwa. Kawo almakashin farce, yana cikin aljihun tebur, gobe za mu fara."

Kwanakin da suka biyo baya masu daɗi ne, duk da abin da kowa ya san yana tafe. Lorna ta iso ran Lahadi da jakarta, ta karɓi girki da wanki. Wilf ya daina cin komai sai ɗan ruwa a cokali, amma bai daina ba da umarni ba. Ya koya wa Glenys goge haƙoran Nell da tsumma a yatsa, da yadda ake gane ta ji sanyi tun kafin ta fara rawa. Yankan farce kuwa ƙafa ɗaya suke yi a rana, domin ƙarfinsa bai wuce haka ba. Glenys takan zauna a ƙasa jikin gadon, Nell a cinyarta, ta ɗaga ƙafar inda zai gani.

"Kaɗan-kaɗan, daga gefe," yakan ce. "Kin ga jan nan a ciki? Ki tsaya kafin ki kai shi. Ba albasa kike yanka ba."

Ran Litinin ya ce ta yi zurfi sau huɗu. Ran Talata magana ta yi masa nauyi, sai ya koma ɗaga yatsa ɗaya a kan bargo duk lokacin da ta kusa kai jan. Ran Laraba da hantsi rana ta fito, abin da ba ta cika yi ba a kwarin nan, ta shigo ta taga ta sauka kan gadon. Lorna tana zaune ta riƙe hannunsa na hagu, rediyo yana magana ƙasa-ƙasa. Glenys ta ɗaga ƙafa ta huɗu, ta dama ta baya, mai ciwon. Ta yanke farce na farko, yatsan ya ɗaga kaɗan, ta tsaya. Ta yanke na biyu da na uku. Da ta zo na ƙarshe ita kanta ta san ta kusa yin zurfi, ta ɗaga kai tana jiran yatsan, bai motsa ba. Lorna ta dube ta ta girgiza kai a hankali. Glenys ta ƙarasa farcen yadda ya koya mata, ta ajiye almakashin, sannan ta tashi ta kashe rediyo.

Kwana goma aka yi kafin jana'iza. Nell ta kwana gidan Glenys duk kwanakin, kan kujerar Stan, cikin bargo. Takardar tana kan kabad da sa hannu guda, kuma Glenys ba ta iya wucewa ta gabanta ba tare da ta dube ta ba.

Mutanen gasa suna da al'adarsu idan nasu ya mutu. Ba furanni suke kawowa ba, karnuka suke kawowa. Tun kafin ƙarfe sha ɗaya motoci suka cika gefen coci, aka yi ta sauko da wifet, farare da baƙaƙe da masu zane, har ashirin da uku. Aka jera su layi biyu daga bakin ƙofar shinge zuwa matakalar coci, kowanne da mai shi a bayansa, domin a wuce da gawa ta tsakaninsu suna tsaye. Wadda ke jera su wata doguwar tsohuwa ce mai koren kwat da takalman roba, tana nuna wa kowa wurinsa da sanda. Ba sai an gaya wa Glenys ko wace ce ba.

"Ke ce Misis Holroyd," matar ta ce. "Lorna ta yi min waya. Za mu yi magana bayan an gama. Cire mata rigar nan. Nell ce a gaba, nan jikin matakala, tunda tasa ce."

Glenys ta tsaya inda aka nuna mata, siririyar igiyar a hannun hagu. Ta riga ta zazzage aljihunta tun a gida, ko ɓurɓushin cuku babu. Motar gawa ta tsaya, maza shida suka ɗauki akwatin a kafaɗa. Masu karnuka suka gyara igiya, karnuka ashirin da uku suka miƙe wuya suka tsaya cik, ba haushi, ba motsi, sai ƙarar takalma a kan tsakuwa. Nell ta tsaya ta fi kowa kyau. Akwatin ya taho a hankali, ya iso gabanta, ya fara hawa matakala. Sai ta bi shi da ido, ta lanƙwasa ƙafafu, ta zauna a kan takalmin Glenys, ta sauke numfashin nan nata.

Wani daga layin tsallake ya yi gyaran murya. Wata ta ce, "Karyar Wilf ce fa wannan," da ƙaramar murya da kowa ya ji. Glenys ta ji fuskarta ta yi zafi. Tana iya jan igiyar sama Nell ta miƙe, ta ga yadda ake yi. Ba ta ja ba.

Bayan an fito, mutane suka nufi ɗakin taro shan shayi. Misis Pickard ta tare Glenys a gefen motarta.

"Wa ya koya mata zama?"

"Ni ce."

"Wilf ya sani?"

"Ya gani da idonsa."

"Bai mutu nan take ba?"

"Ya ƙara kwana bakwai. Biyu daga ciki ba ya min magana."

Misis Pickard ba ta yi dariya ba, amma gefen bakinta ya motsa. Ta jingine sandarta, ta durƙusa da ƙyar a kan tsakuwa, ta fara bin Nell da hannu. Ta buɗe baki ta duba haƙora, ta shafa wuya, ta tsaya a kan haƙarƙari.

"Ta yi ƙiba."

"Cuku ne. Na rage."

"Ki ƙara ragewa." Ta ɗaga ƙafar gaba, ta juya ta, ta duba. Ta ɗaga ta biyu. Ta bi su duka huɗu, ta daɗe a kan ta ƙarshe. "Wa ya yanke mata farce?"

"Ni ce."

"Yankan Wilf ne wannan, daga gefe."

"Shi ya koya min. Ƙafa ɗaya a rana."

Misis Pickard ta sauke ƙafar a hankali. Ta kama ƙofar mota ta miƙe, ta ɗan jima tana kallon wajen maƙabarta.

"Shekara arba'in na san mutumin nan," ta ce. "Bai taɓa barin wani mahaluki ya taɓa ƙafar karensa da almakashi ba. Ni kaina na taɓa gwadawa, ya ƙwace a gaban jama'a." Ta miƙo hannu. "Ina takardar? Na san tana cikin jakarki, tun ɗazu kike dafe ta."

Ta shimfiɗa ta a kan murfin mota, ta sa hannu, ta miƙa wa Glenys.

"Ki mayar mata da rigarta, tana rawar sanyi. Kuma siririyar igiyar nan ki ba Lorna ta ajiye. Ki samo mai kauri, irin ta mutanen gida."

"Ina da ita," Glenys ta ce.

Ba ta daɗe wurin shayin ba. Ta rungumi Lorna, ta ci rabin sanwici don kada a ce ba ta ci ba, suka kamo hanyar gida ita da Nell a ƙafa. An fara yayyafi. Da suka shigo layinmu Nell ta wuce gaba yadda ta saba, ta tsaya a ƙofar shingen Wilf, ta sa hanci a jikin katakon. An ja labulen tagar falo. Glenys ba ta ja igiya ba, ta tsaya kawai ruwa yana sauka a hularta. Mai kawo wasiƙa ya wuce ya gaishe ta. Wata mota ta wuce.

Can Nell ta ɗaga kai, ta girgiza jikinta cikin ƴar rigar ulu, ta yi taku huɗu zuwa ƙofa ta gaba, ta tsaya tana jira. Glenys ta sa hannu a jaka tana laluben makulli.